An Auna Ɗumin Gidana a Gefen Tukunya

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba, Esengul Mamyrov,
Kamfanin Ɗumama Gidaje na Ak-Terek, Naryn.

Daga:
Burulkan Toktosunova, malamar makaranta mai ritaya,
Bene na 14, hawa na huɗu, ƙofa ta 31.

Kwanan wata: Litinin, 21 ga Janairu, 2019.

Game da: Mutuwar bututun ɗumi a gidana, da rahoton ƙarya da ma'aikatanku suka rubuta a kai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Tun ranar 6 ga wannan wata bututun ruwan zafi da ke ɗumama gidana ya mutu murus, alhali sanyin waje ya kai digiri 28 ƙasa da sifili. A gidan akwai surukata Jypar, matar ɗana, da jaririyarta Akmaral, wadda a lokacin kwananta goma sha tara a duniya.

2. Na buga waya ofishinku ranakun 7, 8 da 10. Wadda ta ɗauka ta ce wai iska ce ta toshe bututun, in murɗa famfon jikinsa in fitar da ita. Shekarata talatin da ɗaya a benen nan, ranka ya daɗe, na san yadda ake fitar da iska. Na murɗa har tafin hannuna ya yi kanta, ko ɗigon ruwa bai fito ba.

3. Ranar 14 kuka turo mutum biyu, Nurgazy da Talant, da ma'aunin zafi. Sun shigo da dusar ƙanƙara a kafaɗa suna karkarwa, suna kirana uwa. Ni kuwa ban taɓa barin baƙo tsaye ba. Na kai su kicin, na rufe ƙofa, na kunna murhun lantarki, na soya musu boorsok, wato irin fankenmu na nan, na dafa shayi da madara. Suka ci, suka sha kofi uku-uku, har Talant ya tuɓe rigar sanyinsa yana yaba hannuna. Ashe tun zamansu ma'aunin yana kan tebur, tsakanin butar shayi da tukunyar mai.

4. Da na ce su leƙa ɗakin jaririya, Nurgazy ya ce ai kunya ba za ta bar su shiga ɗakin mai jego ba. Kunya! Suka goge baki, suka shafa addu'a, suka tafi.

5. Ranar 16 rahotonsu ya iso: digiri 21, babu matsala, an rufe ƙorafi. A ranar ma'aunina ya nuna digiri 7 a ɗakin Akmaral, ƙanƙara ta daskare a cikin tagar, ba a wajenta ba. Tir da wannan aiki! Wallahi ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda na ji ta wanda ya ci abincina ya auna tururinsa ya rubuta a kaina ba. Na wanke kofunan nan sau biyu.

6. Ranar 17 aka kwantar da Akmaral a asibiti da limoniya. Wannan kuma bai shiga rahoton kowa ba.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon a soke rahoton ranar 16, a turo masu gyara kafin Laraba, a kuma sake awo a ɗakin kwana, ƙofa a rufe, murhu a kashe. In hali ya yi, ranka ya daɗe, ka zo da kanka, don gani ya kori ji.

Likita ta ce ranar Alhamis za ta sallami jikata, ta kuma tambaye ni ko gidanmu da ɗumi. A takardarku akwai ɗumi. Ina roƙon ka sanar da ni a rubuce ɗakin da zan kwantar da yarinyar nan.

Ka huta lafiya. Taka cikin biyayya,

Burulkan Toktosunova
(Sa hannu)