Gobe Namata zai tafi kasuwa shi kaɗai

Alhamis da dare, bayan girbi, Ɗan Kassari

Barci ya ƙi zuwa. Gobe Namata zai kai waken gayaunarshi, 'yar gonarshi ta kanshi, kasuwar Dogon Dutsi, shi kaɗai. Ni na yanke haka, yanzu kuma ni ke jin tsoro.

Ba ciniki nake tsoro ba. Ɗana kurma ne, ba wawa ba, da yatsu yake ciniki har ya fi ni taurin kai. Bakin bariki nake tsoro, inda hanyarshi za ta bi. In aka busa ƙaho za a sauke tutar Nasara, kowa sai ya tsaya cak ya tuɓe malfa, wanda ya wuce gardi mai tsaron bariki ya zane shi. Yaron da ko tsawa ba ya ji, ina zai ji ƙaho?

Innarshi ta ce, "Malam, ka bi shi mana, ko daga nesa."

Na ce, "In ya waiwayo ya gan ni fa? Ba zai ƙara yarda da kanshi ba."

Ɗazu na kwatanta mishi da hannu: in mutane sun tsaya, ka tsaya. Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata kamar ni ne yaron.

Allah, ka sa mutum ko ɗaya a gabanshi gobe, wanda zai gani ya tsaya.