Rawanina ya warware a sararin sama

Zuwa ga Ta Azagor, uwar ƴaƴana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya kai haske makwancinki, ina sanar da ke na iso ƙasar Beljik lafiya, ni da autarki Rakiya da takwararki. Ni ke faɗa, Rakiya ke rubutawa, kuma na hana ta gyara ko kalma guda. Ta ce za ta sa a waya mutanen Dakoro su karanta. Su karanta. Abin da ya faru ya riga ya faru gaban jama'a.

Kin san ban taɓa son tafiyar nan ba. Yanar idona ce ta yi ƙarfi, mijin Rakiya ya dage sai an yi mini aiki can inda suke zaune. Rakiya ta zo gida ta ɗauke ni, ga tsohon ciki, ga ƴar da ba ki gani ba, wadda aka sa wa sunanki muke ce mata Inna. Ba ta cika shekara biyu ba. Idonki ne, goshinki ne, taurin kan kuwa kowa ya ce nawa ne, ni na ce naki ne.

Tun muna filin jirgi a Yamai na ga alamar wahala. Yaron da bai kai biyu ba ba shi da kujera, a cinya ake riƙe shi. Cinyar Rakiya ciki ya cinye ta. Sai aka ɗora mini Inna, aka ce ga amaryarka, ka riƙe ta har mu sauka.

Wata doguwar ma'aikaciyar jirgi ta kawo ƴar ɗamara, ta zura ta cikin tawa, ta zagaya ƙugun yarinyar, ta danna wani ƙarfe ya ce ƙas. Na duba ƙarfen nan. Da yatsa guda ake ɗaga shi ya buɗe. Ta Azagor, ko ɗan akuya ba zan ɗaure da wannan abu ba. Na ce Rakiya ta ba ni zanenta in ɗaure yarinyar a ƙirjina, ɗaurin da na sani. Matar ta ƙi. Wai in jirgi ya yi girgiza nauyina zai danne ta, wai in ana gaggawar fita ƙulli ba ya kwantuwa. Na ce a gaya mata ƙullin da nake yi wa kayan raƙumi bai taɓa zamewa ba, kuma ja ɗaya nake yi masa ya saki. Rakiya ta yi mata Faransanci gajere, na san ba abin da na faɗa ta faɗa ba. Ga ta nan tana rubutawa tana murmushi.

Ke na tuna. Shekarar da dabbobi suka ƙare muka baro Azagor, kina bisa raƙumi da babban ɗanmu a bayanki, zane ɗaya da majanyi. Raƙumin ya yi tuntuɓe ya durƙusa a gangaren tudu, tukunya ta fashe, ni kaina na ce shi ke nan. Yaron ko farkawa bai yi ba. Da na miƙa hannu in karɓe shi, cewa kika yi, “Bar mini abina, kai kamar tunkiya kake ɗaukar yaro.” Na ji haushi ranar. A cikin jirgin nan sai da maganar ta dawo mini, don kuwa kamar tunkiya na ɗauki Inna.

Kafin jirgi ya daidaita a sama Inna ta gane ƙarfen. Kallo ɗaya ta yi wa hannun matar. Na danna, ta ɗaga. Na sake dannawa, ta ɗaga tana dariya. Na ba ta dabino, ta jefi na gabanmu da shi. Na ba ta carbina, ta tsinka. Da aka kawo abinci na sunkuya ina neman inda ake buɗe shi, ina ɗagowa cinyata babu kowa. Can na hango ta tsakanin kujeru ta ɗauke burodin wani Bature tana ci, ga keken abinci mai ƙarfe yana gangarowa ta bayanta. Na tashi da gudu, na manta ni ma a ɗaure nake. Ɗamarar ta maido ni zaune. Wani bawan Allah ne ya cafe Inna.

Matar ta dawo, wannan karon ba murmushi. Ta nuna mini wata fitila bisa kanmu, in ta kama da ƙararrawa, yarinya ba ta sauka ko me za ta yi. Ni da na yi kiwo tun ina ƙasa da sandata, yau ni ake koya wa tsare abu guda mai ƙafa biyu.

Tafiya ta yi nisa, gwiwoyina sun mutu, sai fitilar ta kama. Jirgi ya fara rawa kamar motar kasuwa a hanyar Mai Yara bayan ruwa. Ma'aikatan kansu suka zauna suka ɗaure. Rakiya ta riƙe cikinta tana amai cikin leda, ba ta da hannun taimako na. Inna ta tsorata, ta banƙare, tana ihu, tana neman ƙasa. Hannu ɗaya na rungume ta, ɗaya na rufe ƙarfen. Ta ciji yatsana. Ta zura nata yatsun ta ƙarƙashin nawa. Shayin wani na ga ya tashi daga kofi ya taɓa rufi, na ce a raina in ta buɗe yanzu, haka kanta zai yi.

Cikin kokawar ta kamo amawalina ta ja. Kin san ni da rawani. Ke kanki sai da muka yi ƴaƴa kika saba ganin bakina, kina tsokanata da cewa, “Ni dai idanu aka aura mini.” Na ɗaga hannu zan ƙwace, sai na lura hannuwanta biyu suna kan rawanin, babu ko ɗaya a kan ƙarfe.

Na bar ta.

Ta warware shi naɗi bayan naɗi, ni ina juya mata kai don ya zo da sauƙi. Kuka ya tsaya. Ga mata, ga Turawa, ga wasu ƴan kasuwar Maraɗi da suka san ni suka san ubana, duk suna kallo. Da sanƙon ya bayyana ta buɗe baki, ba ta taɓa sanin akwai shi ba. Ta shiga buga shi da tafi kamar ƙwaryar biki.

Tana cikin kiɗan jirgi ya faɗa wani rami. Na ji jikinta ya bar cinyata, hannuna bai riƙe komai ba, ƴar ɗamarar nan ce ta ja ta ta dawo. Ta riƙe. Ban ce ta fi ƙullinki ba, Rakiya ki rubuta haka, ban ce ba. Ta dai riƙe.

Da iska ta lafa yarinyar ta yi barci da gemuna cikin hannunta, rawanin tare a ƙarƙashinta. In na ja za ta farka. Haka na sauka ƙasar mutane kai a waje, surukina ya tarbe ni yana duban ƙasa.

Har yanzu raina a ɓace yake. Da kina nan da kin goya ta kin huta, ko kin tsaya kin yi ta musu da matar nan har jirgi ya sauka. Kin tafi kin bar mini aikin da ban iya ba. Kuma akwai komawa, da jariri ƙari, Inna kuwa ta riga ta san abin da ke ƙarƙashin rawani, kullum da safe shi take nema. Na sa an sayo mini wanda ya fi tsawo.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya saka miki da kowane goyo da kika yi ban ce sannu ba. Ya sauki Rakiya lafiya, Ya raya takwararki, Ya sanyaya mata kai kaɗan. In kin ga sanƙon nan daga inda kike, ki yi dariyarki, ke kaɗai na yarda.

Naki har mu sadu,
Tsohon da kika bari a Dakoro