Na ɓoye wa Baba abin da hoton kansa ya nuna

Assalamu alaikum, mai kula da shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni malamar firamare ce a nan Tamale. Mahaifina liman ne a wani ƙaramin masallaci a Aboabo, tun ban san kaina ba shi ke jan salla. Bara ya fara mantuwa. Ya ajiye tabarau ya hau nema alhali yana goshinsa, mu yi ta dariya. Ranar da ya hau moto, wato babur ɗinsa, zuwa unguwar Nyohini ya kasa gane hanyar gida, sai wani mai yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, ne ya rako shi, ranar dariya ta ƙare. Na kai shi asibiti aka ɗauki hoton cikin kansa. Doktar ba ta jin Hausa, Baba ba ya jin Turanci, ni ce a tsakiya. Ta nuna mini hoton ta ce ƙwaƙwalwar kowa tana motsewa kaɗan-kaɗan in shekaru sun ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma akwai wani ɗan wuri can ciki, daidai saitin kunne, inda ake riƙe sabon abu, na Baba ya motse fiye da na sa'anninsa. Shi ya sa karatun da ya haddace tun yana yaro yana nan daram, abin da ya ci da safe kuwa ya tafi. Ta ce ya daina hawa moto, kuma mu dawo a duba ko magani zai rage masa saurin abin.

Baba ya juyo ya ce, “Uwata, me ta ce?” Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. Jama'a, da wace Hausa zan faɗa? In ce “ƙwaƙwalwarka ta ragu”? A zangonmu na Hausawa wannan ai zagi ne! Kafin magariba za a ce Liman ya taɓu. Wallahi bakina ne ya riga ni, na ce, “Ta ce gajiya ce, ka riƙa hutawa.” Ya yi hamdala har da yi wa doktar addu'a, ita kuma ta yi murmushi, tana tsammanin dattijo ya karɓi ƙaddara. Na ninke takardar sakamakon da ta ba ni na cusa ƙarƙashin akwatina. Makullin moto ma ni na sace, na bar shi yana zargin kansa da yar da shi. Kun ji irin 'yar da na zama?

Shekaranjiya a sallar la'asar ina sahun mata, bayan labule. Aka cika raka'a huɗu, maimakon ya zauna sai na ji kabbara, Baba ya miƙe. Maza suka ce “Subhanallah.” Bai koma ba. Suka sake, da ƙarfi. Mu mata tafi ne namu, na tafa har tafina ya yi zafi, ina kuka. Bai zauna ba. Da aka sallame na'ibinsa ya ce a hankali, “Malam, biyar muka yi.” Ta labule na ji muryar Baba yana cewa, “Huɗu dai.”

Da ya dawo gida ya kira ni zaure, ya ce, “Uwata, ke kika ji Turancin matar asibitin nan. Sallar mutane a wuyana take. In akwai wani abu a kaina ki faɗa mini in sauka da mutuncina, kada a sauke ni.” Na ce babu komai, Baba. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Ko shayinsa bai huce ba ya sake kirana, ya maimaita tambayar kalma da kalma, bai san ya yi ta ba. Sau uku ya tambaya, sau uku na yi masa ƙarya, sau uku ya sa mini albarka.

Tsoro nake ji, wallahi tsoro. Ina tsoron ranar da wani matashi marar kunya zai faɗa masa a gaban sahu. Ina tsoron maganin da na hana shi duk watannin nan, wa ya san abin da na jawo? Ina tsoron tsayuwa gaban Allah da sallolin mutane a kaina. In na gaya wa na'ibi, na tona asirin ubana a bayan idonsa. In kuma na gaya wa Baba, na san zai yi kuka, sannan ya manta, ya sake kirana zaure in sake faɗa masa sabo fil.

Takardar tana gabana na warware ta, an kusa kiran azahar, ga shi can ina jin ƙarar butarsa yana alwala. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?