Sandar Huɗubar Baba

Daren Laraba, 9 ga Safar. Unguwar Zahir, Makka.

Barci ya ƙi zuwa. Sau uku ina kashe fitila ina kunnawa.

Yau a darasin tarihi malam ya kawo mu Yaƙin Raƙumi. Na sha karanta shi, amma ban taɓa lura ba cewa ƙanen Uwar Muminai yana cikin rundunar da ta fuskance ta. Da ƙura ta lafa, shi aka aika ya duba ko ta ji rauni. Daga nan na kasa rubuta komai.

Wata huɗu ke nan ban yi magana da Yaya Hauwa ba. Tun rasuwar Baba ake ja a kan limancin masallacinmu na Gusau. Ni na ce Baffa Sani ya fi ilimi. Ita ta tsaya wa Yaya Bashir, har ta ɗauke sandar huɗubar Baba ta kulle a ɗakinta. Na ce mata a waya, "Yaya, sanda ba gado ba ce." Ta ce, "To, malamin Makka, zo ka karɓa." Ta kashe.

Har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya. Amma shi ma ƙanen Uwar Muminai bai sauya ra'ayi ba, ya dai je ya duba yayarsa.

Da na fito daga Harami bayan isha'i na kira ta. Ban ambaci sanda ba, ciwon ƙafarta na tambaya. Ta ce, "Sai yau ka tuna ina da ƙafa?"

Amma ba ta kashe ba.