Yara Biyu a Hannun Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara da aikin shago. Na san ƙarar injin yanka katako ta sa ba ka jin waya sosai, shi ya sa na rubuto.

Ka san maman yara ta samu makarantar ungozoma, ta tafi tun watan jiya, sai shekara ta zagayo za ta gama. Ni na ce ta tafi, har na cika baki cewa yara biyu ba komai ba ne. To Yaya, jikina ya gaya mini. Da safe in yi wa Kwamanda wanka, in haɗa shayi, in nemi takalminsa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado, Gimbiya kuma na kuka wai ba haka Mama ke ɗaura mata kallabi ba. Kafin in kai su makaranta in isa maɗaba'a, an riga an kunna injina. Jiya oga ya kira ni ofis ya ce, "Ina son aikinka, amma inji ba ya jiran mai 'ya'ya."

Roƙona shi ne in turo muku su har ta gama. Don Allah kada ka gaya mata.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, Antinka na gaishe ka. Da na karanta mata takardarka har ta tashi za ta share ɗakin baƙi, na ce ta zauna.

Ba zan karɓi yaran ba. Gidana gidansu ne, ka sani, amma uwarsu ta yi nisa, sai kuma uban ya sa su a mota? Za su ɗauka kowa ya gaji da su. Ni lokacin da Antinka ta yi doguwar jinya, yara huɗu na riƙe, kuma ban rufe shago ba. Ga su nan, babu wanda ya fito da ƙaho.

Ka saurara. Aikin safe tun yamma ake yin sa. Kayan makaranta a kan kujera, takalma a bakin ƙofa, kowa ya jera nasa da hannunsa. Ranar hutu ka yi miya mai yawa. Kitson Gimbiya ka kai wa maƙwabciya, kada ka ce za ka iya, ka tsaya dai ka ga yadda ake yi. In ka dawo aiki kada ka fara da tambayar wa ya yi laifi. Ka wanke tawadar hannunka, ka zauna a ƙasa, su hau ka.

Maganar oga kuwa, kada ka je masa da fuskar tausayi. Ka je da tsari: ga lokacin da zan iya zuwa, ga yadda zan cike aikin. Mai kamfani ba hawayenka yake so ba, so yake takarda ta fita.

Ka shafa mini kan Kwamanda. Ka gaya masa har yanzu ni ne babban soja.

Yayanka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka cikin girmamawa, tare da Anti da dukan mutanen gida. Ka yi haƙuri da na rubuto maka ba da sanin baban yara ba.

Karatu na tafiya daidai. Har an fara shiga da mu ɗakin haihuwa, malamarmu ma ta ce hannuna na da sanyi. Amma zuciyata ba ta nan. Duk sanda na kira gida amsa ɗaya ce: komai lafiya. Yara sun ci? Komai lafiya. Aiki fa? Komai lafiya. Yaya, mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri ba, ta yaya komai zai zama lafiya? Shekaranjiya Gimbiya ta karɓi wayar ta ce mini Kwamanda ya yi zazzaɓi har an kai shi asibiti, Baba ya ce kada a faɗa. In ya ɓoye wannan, me kuma ya ɓoye?

Na yanke shawarar in ajiye karatun in dawo ƙarshen wata. Na ga bai kamata in yi ba tare da babba ya sani ba.

Ƙanwarka,
Maman Gimbiya

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, domin raina a ɓace yake. Matarka na shirin barin makaranta, kuma bakinka ne ya jawo. Kana ganin ɓoye mata wahala shi ne jarumta? Ita ta haifi yaran nan, ko tari suka yi tana ji a jikinta. "Komai lafiya" ɗinka ya fi zazzaɓin tsorata ta.

Ka kira ta yau. Ka gaya mata zazzaɓin, da maganin da aka ba shi, da tukunyar da ka ƙona, don na san ka ƙona. Ka tambaye ta abin da ba ka sani ba. Wanda ake tambaya ya san ana yi da shi, ko yana nesa. Na rubuta mata cewa kada ta sa hannu a komai sai ta zo ta gani da idonta. Saura ya rage naka.

Yayanka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Faɗan ya iso, kuma na karɓa.

Na kira ta. Na fara da zazzaɓin, na bi da tukunya, biyu ma ba ɗaya ba, har da ranar da na tura Kwamanda makaranta da rigar yayarsa a jaka. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce. Sannan ta wanke ni tas. Ta ce, "Ni ba baƙuwa ba ce da za ka riƙa share mini falo kana tura shara bayan ƙofa." Yanzu kullum sai mun yi magana, ita ke gaya mini yawan ruwan shinkafa.

Oga kuma na same shi. Na ce ba zan iya sammako ba, amma zan bar hutun rana in haɗa da Asabar, kuma duk aikin da aka ba ni zai fita ranar da aka yi wa mai shi alkawari. Ya kalle ni ya ce, "In bai fita ba fa?" Na ce zai fita. Ya ce mu gwada wata guda. Watan ya wuce, bai sake kira na ofis ba.

Yaran sun saba. Gimbiya ce ke duba jakar ƙaninta yanzu, har ni take dubawa ko na ɗauki makulli. Maman tasu dai ba ta ce ta fasa barin karatun ba. Ta ce za ta zo Juma'a ta gani. Ban share komai na musamman ba, yadda gidan yake haka za ta same shi.

Ƙaninka,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti, na gode da haƙurinka da mu.

Na je, na gani. Labule na buƙatar wanki, miyar kuma Allah ya ba baban yara lada. Amma yaran sun yi ƙiba. Da zan taho Kwamanda ya fashe da kuka, na miƙa hannu, sai ya juya ya kifa kai a kafaɗar babansa. Abin ya ɗan yi mini zafi, Yaya. Amma shi ya sa na iya shiga mota.

Ina makaranta. Jarrabawa Litinin, a sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Maman Gimbiya