Shafin da Delu ke jira

Litinin, 3 ga Oktoba 2011

Yau na buɗe cikin shafin intanet na ƙungiyar manoman Gaffati, raina ya ɓaci. Alkasum ɗan kawuna ne ya gina shi kafin ya koma Yamai, kuma Allah ya sani ginin ganin dama ya yi. Ka taɓa hoto, rubutu ya gudu. Malam Zakari, shugaban ƙungiya, yana so ya nuna wa masu agaji shafin bayan Layya, su ga yadda hatsi ya ƙone bana. Na ce masa rushewa zan yi in sake sabo, shi ya fi sauƙi. Ya ce, "Ramlatu, ke kika yi karatun."

Laraba, 5 ga Oktoba

Mafi muni shi ne wurin da baƙi ke barin saƙo. Alkasum ya bar shi a buɗe, tallan maganin ƙarya da na caca sun cika shi maƙil. Shi zan fara sharewa.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Wata tsohuwa ta shigo biro, wato ofishinmu, daga kasuwa, Delu sunanta, daga Gaffati. Ta zauna a ƙasa duk da na ba ta kujera. Wai in duba mata ko Nomau ya yi magana. Ɗanta ne, yana Libiya, wayarsa ta daina shiga tun da yaƙi ya tashi. Ashe Alkasum ya koya wa samarin ƙauyen su riƙa shiga siber, shagon intanet, suna barin gaisuwa a wannan juji, shi kuma ya karanta wa iyayensu. Ban sani ba. Na duba sama-sama, na ce babu.

"To 'yata, sai wata Alhamis," ta ce.

Asabar, 8 ga Oktoba

In na sake gini, adireshin wurin zai canza, tsoffin saƙonni su tafi. Nomau kuwa tsohon adireshin kaɗai ya sani. In kuwa gyara zan yi, sai na bi tallan nan ɗaya bayan ɗaya da idona, kada in share mutum. Ni ba wannan na karanta ba. Haushin Alkasum nake ji.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Delu ta zo. Ta sayar da tunkiyarta, babu abin ba ta. Babu saƙo.

Talata, 25 ga Oktoba

Malam Zakari ya leƙo, ya ga shafin yana nan da muninsa. "Ina sabon?" Na ce masa kwamfutar ce ba za ta ɗauka ba. Ya dube ni, ya fita. Idona na ciwo don bin tallan nan ɗaya bayan ɗaya. Na tsinci gaisuwar samari da dama a cikin tallan, na ware su gefe. Ta Nomau ta ƙarshe tun watan Fabrairu ce, yana tambaya ko an gyara rumbu.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Shafin ya yi tsabta, amma kyau kam babu. Haka masu agaji za su gan shi. Delu ba ta zo ba, an ce tafiyar ta fara yi mata nisa. Kafin in rufe biro na shiga wurin saƙon, don gwaji kawai, na rubuta: "Nomau, innarka tana lafiya. An gyara rumbu. Ka yi magana."

Gobe da safe zan duba. Ai dole a ga ko gyaran ya kama.