Sa'ar Da Baba da Inna Suka Zaga Tokyo Su Kaɗai

Yokote, Akita,
3 ga Oktoba.

Zuwa ga yayana Masaji,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Harumi da yara da jikoki a can Brazil. Na gani a wasiƙarka ta bara cewa ciwon sukari ya sa likita ya raba ka da shinkafa. Ban san yadda ɗan Akita zai rayu ba shinkafa ba, amma wanda ya iya shekara hamsin da biyar bai leƙo garinsu ba, wannan ma zai iya. Kullum da safe in na kunna turare ina ambaton sunanka gaban allunan sunan marigayan iyayenmu, Baba da Inna, ina roƙon su tsare ka, su sassauta maka ciwon. Mu nan an gama yankan shinkafa, sanyi ya fara shigowa ta tafin ƙafa. Tsoho Genzo mai injin casa ya rasu a watan Yuli. Gidajen da hayaƙi ke tashi a ƙauyen yanzu tara ne, kuma ni da nake da saba'in da uku ni ce ake kira yarinya.

Yaya, maganar kabarin gidanmu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san matakala ɗari da goma sha biyu ce daga ƙofar haikali zuwa wurin, in ma ka manta to ni gwiwata ba ta manta ba. A watan Agusta, lokacin bikin tarbar ruhin magabata, na zame a ta sittin da bokitin ruwa a hannu. Tun hantsi nake zaune a wurin har rana ta karkata, ba wanda ya gifta sai hankaki. Da na ja jiki na ƙarasa sama, sai na tarar an kafa farin allo a kabarin gidan Sugawara, na kusa da namu. An rubuta wai duk mai alaƙa da su ya yi magana cikin shekara guda, in ba haka ba za a ɗauke duwatsun, a juye ƙasusuwan a ramin gayya na bayan haikali. Sugawara fa, masu rumbu uku, waɗanda Baba ke cire hula in ya hango su. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Chizuru, 'yar marigayi ƙanenmu Noboru, ita kaɗai ta rage mana a ƙasar nan, kuma Tokyo take aiki. Ta daɗe tana ce mini, Gwaggo, a rufe kabarin nan a dawo da su kusa da ni, akwai wani bene da ake ajiye tulunan ƙashin mamata, zan riƙa leƙa su duk wata. Ni kuma in ce mata iyayena ba kayan ajiya ba ne, in kashe wayar. Bayan faɗuwar nan ne na ce bari in je in ga wurin da idona, don in na ƙi in san abin da na ƙi. Ban gaya wa Chizuru ba, don na san za ta riƙe mini hannu ta yi ta zaƙa mini komai. Maƙwabciyata Fumi kuwa ce mata na yi yawon buɗe ido za ni. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ke Kikue da ko Sendai ba ki taɓa takawa ba, wa ya zuga ki? Wai in rubuta sunana a goshi don 'yan sanda su san inda za su maido ni.

Ba ƙarya na yi mata ba gaba ɗaya. Ka tuna kalandar nan mai hoton jar hasumiyar Tokyo da Inna ta manna a kicin? Shekara talatin tana cewa in an gama girbi za mu je, har hoton ya koma ruwan toka saboda hayaƙi. Girbi ya yi ta ƙarewa, Baba ya kwanta shekara bakwai, ita ma ta kwanta goma sha ɗaya, ba a je ba. Don haka na sauko da allunan sunansu daga wurin turare, baƙaƙen nan masu rubutun zinariya, na ƙunshe su a shuɗin ƙyallen Inna. Na ce musu tunda ana so a kawo ku garin nan, ku zo ku gani da kanku. Tikiti ɗaya na yanka, amma mu uku muka tafi.

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Tun a tashar jirgin ƙasa ta Ueno, inda na sauka a Tokyo, na fara sunkuya wa mutane ina ba su haƙuri, su ne suke bangaje ni amma ni ce mai ban haƙurin, kuma ba wanda ya waiwayo. Na je unguwar Asakusa na tsaya ƙarƙashin ƙatuwar fitilar nan ta ƙofar haikalinsu, wasu mata da miji suka miƙo mini waya na ɗauke su hoto, suka gode suka wuce, bai zo musu a rai su tambaya ko ni ma ina so ba. Na ci taliya a tsaye, fuskata na kallon bango, katako a dama katako a hagu, kamar saniya a turke. Da yamma na hau hasumiyar. Ruwa ake yi, gajimare ya rufe garin, ba abin da ake gani sai fari fat. Duk da haka na kwance ƙyallen na jingina allunan a jikin gilashi, na ce Inna ga shi, an gama girbi. Matar da ke gefena ta dube ni ta matsa. Ban ji haushinta ba, ni ma da ni ce ita da na matsa.

Washegari da safe na nemi benen. Yana tsakanin wurin ajiye motoci da wani kanti, hawa shida, ba ko bishiya ɗaya. Wata mata mai baƙar kwat da murya kamar ta mai lallashin majinyaci ta kai ni wani ɗan ɗaki. Ta ɗora kati a kan wata fitila, muka ji inji yana gurnani a bayan bango, can sai ƙofa ta zuge, ga dutsen kabari sumul da akwati a cikinsa. Ta ce dutsen na kowa ne, akwatin ne kawai ke sauyawa, kuma kowane akwati yana cin tulu shida. Ba a kunna wuta, turaren a kan ƙarfe mai zafi ake barbaɗa shi. Abinci kuma in ka kawo, ka koma da abinka. Na tambaye ta, to in ba wanda ya kira su ina suke zama? Ta ce a baya, kan kantoci, su dubu bakwai. Na ce da fitila? Ta yi murmushi ta ce ai ba a buƙata. Sai na tuna Baba, wanda ya yi shekara biyu ba ya gaisawa da Genzo saboda reshen bishiya ɗaya ya tsallako masa shinge. Na ƙanƙame ƙunshina na fito ina huci, na ce ko da rarrafe zan riƙa hawa matakalar nan, ba zan kawo su nan ba.

To ga abin da ya faru, kuma kai kaɗai nake gaya wa. Na shiga jirgin ƙasan nan mai koren layi da ke zagaya gari, zan koma Ueno. Cike yake maƙil, ana matse mini ƙunshin, wani har gwiwar hannunsa na dukan sa. A ƙasa dai ba zan ajiye iyayena ba. Da na samu kujera kuma na ga bai dace in zauna su suna kan cinyata ƙasa da kaina, mutane na tsaye a kansu ba, sai na ɗora su a ragar kaya ta sama, inda ba wanda ya fi su tsawo. Gajiya da ɗumin kujera suka sa na yi gyangyaɗi. Ina jin an ambaci Ueno na zabura na bi ayari na fita. Sai da ƙofa ta rufe jirgin ya ja na ga hannuwana wayam.

Na yi ihu, Yaya, ni da ko ranar da Inna ta cika ban ɗaga murya ba. Wani ma'aikacin tasha mai furfura da farar safar hannu ya zo, na ce masa iyayena sun tafi a jirgi. Ya tambayi shekarunsu. Da na yi masa bayani bai yi dariya ba, ya cire hula ya sunkuya. Ya ce, Mama, kwantar da hankalinki, jirgin nan ba shi da inda za shi, zagaye kawai yake yi. Wai kada in gusa daga inda na sauka, nan da sa'a guda wannan ƙofar dai za ta sake buɗewa a gabana, shi ma zai dawo ya tsaya tare da ni. Ya rubuta lokacin a takarda ya ba ni, ya zaunar da ni a benci.

Minti goma na farko kuka na yi, ina cewa na zubar da su a garin da ba su san kowa ba. Daga nan kukan ya tsaya da kansa. Na ga kafaɗuna sun sauka. Na sayi shayi mai zafi a injin da ke kusa, na riƙe shi da hannu biyu, don ba abin da nake riƙe da shi. Na kalli tattabaru, na kalli takalman mutane. Ba wanda zan juya a kan shimfiɗa, ba ruwan da zan hau da shi, ba turaren da zai mutu in ban duba ba. Yaya, daɗi na ji. Tun ranar da muka raka ka tasha ina 'yar shekara goma sha takwas ban taɓa jin jikina sakayau haka ba, ko a lokacin da wani malamin makaranta da ke sona ya ce in bi shi garin Morioka na ce masa wa zan bar wa gida. Har na kama kaina ina cewa a zuci, da ma jirgin ya yi latti. Na ji kunyar wannan tunani, har yanzu ina ji, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jirgin bai yi latti ba. Ƙofa ta buɗe, ma'aikacin ya shiga ya sauko da ƙunshin da hannu biyu ya miƙo mini. Ƙullin yana nan yadda na yi shi. Sun zaga Tokyo kaf su kaɗai, sun ga abin da ni ban gani ba, kuma ba abin da ya same su don ba na nan. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Da na karɓe su sai na ji sun fi da nauyi, alhali katako ne da bai kai kwanon shinkafa ba.

Na dawo gida na ba Fumi tsarabarta, ta ce yaya birni, na ce mata akwai mutane. Kwana uku bayan nan na je wurin limamin haikali na ce a rufe kabarin. Ba don benen ya burge ni ba, wuri ne mai duhu kuma Baba zai tsane shi. Amma can Chizuru za ta je da katinta, nan kuwa farin allo ne ke jiran su ranar da gwiwata ta ƙi. Liman ya ce ba zai yi addu'ar sallamar dutsen ba sai da yardar babban ɗa a rubuce. Masu sassaƙar dutse kuma sun ce in ƙanƙara ta sauka a ƙarshen Nuwamba ba mai hawa sai bazara. Ga takardar nan na haɗo, ka sa hannu ka maido da wuri. Na san za ka ce ƙasar kakanni ce, kamar yadda kake rubutowa duk sabuwar shekara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba ka yarda ba ban hana ka ba, tsintsiya da bokiti suna bayan ƙofa inda ka bar su.

Saura magana ɗaya. Na ce maka akwatin tulu shida yake ci. Kaka Jisaburo, Kaka Tome, Baba, Inna, Noboru, biyar ke nan. Gurbi ɗaya ya rage, mu kuma mu biyu ne. Chizuru ta ɗauka nawa ne, har tana cewa ai Gwaggo ke kika fi kowa cancanta. Na gaya mata naka ne. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma Inna har ta rufe ido in ta ji motar gidan waya sai ta ce in duba ko kai ne. Ni na zauna da su shekara hamsin da biyar, sun gan ni sun ƙoshi, ni ma haka. Na riga na roƙi liman ya sa ni a ramin gayya tare da mutanen Sugawara. A ƙasa yake, bayan haikali, ba wanda zai hau matakala saboda ni.

Ka gaishe mini da Harumi, ka ce na gode da garin kofin da ta aiko, ina sha kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare. Ka gaishe da 'ya'yanka, Paulo da matarsa, Akemi da mijinta, da jikar nan taka Luiza da aka ce ta ɗauko goshin Inna. Fumi tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana tuna ranar da ka faɗa kwatar gonarsu. Matar benen ta ce kada tulun ya wuce tafin hannu biyu a faɗi, in ya wuce akwatin ba zai rufu ba. Ka gaya wa Paulo tun yanzu ya rubuta ya ajiye.

Ka huta lafiya.

Taka ƙanwa,
Kikue.